Har Sai an Kai Marmara

Har yau akwai tsofaffi a Kankiya waɗanda in aka ambaci Sule ɗan Bawa Magini sai su sunkuyar da kai su ce, ai wannan ubansa ne ya yi masa baki. Kai ma Lawal da wannan magana ka tashi, na sani, ko da yake ba ka taɓa tambayata ba, kuma na ji an fara raɗa wa 'ya'yanka ita. To ƙarya ce. Ni Isa, ƙanen Sule uwa ɗaya uba ɗaya, ina wurin tun farko har ƙarshe, kuma ba na so in kwanta dama in bar ku da ita. Abin da ya raba ubanka da kakanka bai kai baki ba, shi ya sa ma ya fi ci mini rai. Da bakin aka yi, da na ce ƙaddara ce na haƙura tuntuni.

Ku 'yan yanzu da kuke zama tabarma ɗaya da ubanninku kuna musu a kan labarin rediyo, sai na yi muku bayani kafin ku gane. Yaya Sule ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka haife shi Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Inna ma haka, ta ma fi Baba tsanani. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin Kaka, uwar Baba, a can ya girma. In Baba zai ambace shi sai ya ce "ɗan tsohuwa", in an yaba shi a gabansa sai ya kau da kai kamar ana zancen ɗan wani gari. Ba ƙi ba ne, kowa ya san haka. Amma magana tsakaninsu sai ta bi ta bakin Kaka, ita kuwa gwana ce. Baba zai yi gunaguni, ta kai wa Yaya shi a wanke tas. Yaya zai zo da zafin kai, ta sanyaya shi kafin ya isa zaure. In kuma ta ga Baba ya wuce gona da iri, ta aika a kira shi, ta zaunar da shi da gemunsa da komai ta wanke shi. Ta rasu ana cire gyaɗa a shekarar da nake ba ku labari, kuma babu wanda ya lura da abin da muka binne tare da ita.

Yaya ya je yaƙin Bama, can ƙetaren teku a zamanin Turawa, amma ba harbi ya fi yi ba. Cikin masu yi wa soja hanya da gada aka sa shi, a ƙasar da ya ce mota kan nutse har tagogi ana kallo. Da ya dawo sai ya shiga aikin hanyar Kano zuwa Katsina, yana sa kwalbati. Ya zo da wata ɗabi'a da muka riƙa yi masa dariya a kanta: duk inda ya tsaya sai ya tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya tofa mata yawu, ya mulmula, har ya sunsuna. Matarsa Rabi, uwarka, takan ce an ba ta miji an haɗa mata da kaza. Ni kuwa ina wurin Baba, ni ne hannun damansa a gini, na yi aure, ina ganin babu abin da ya rage mini in sani game da ƙasa.

A ranin nan ne wani attajirin gyaɗa daga Kunduru, Alhaji Mani, ya ba Baba aikin da ya fi kowane aiki da ya taɓa yi. Bene yake so a bakin kasuwa, ƙasa ɗakin ajiya, sama wurin saukar baƙi. Baba ya gina soraye da zauruka da masallatai har Kusada da Rimaye, amma bai taɓa ɗora ɗaki bisa ɗaki ba, kuma na ga yadda abin ya shiga ransa. Ya je filin, ya sara da diga, diga ta yi tsalle don tauri. A gaban Alhaji da jama'a ya ce ƙasa ta yi, harsashi zuwa cinya ya isa. Malamin Alhaji ya zaɓi ranar da za a aza tubalin farko, aka sanar da mutane.

Da yamma Yaya ya ja ni filin, riƙe da wata doguwar sandar ƙarfe da guduma. Ta gefen hanya ya kafa ta ya buga, ta shiga kaɗan ta tsaya cak. Muka koma ta gefen gabas ya sake bugawa. Da farko ta yi gardama, tana huda ɓawon sama kuwa sai ta zarce kamar an soka tsinke a tuwo. Da ya zaro ta, baƙar laka ce manne da ita, tana wari.

"Ka gani, Isa? Tsohon kududduhi ne aka cike da juji. Bisa ya bushe ya yi tauri, ƙasa kunu ne."

Na ce ai kowa ya san kududdufi ne a da, amma tun Baba na yaro aka cike shi.

"Ko tun zamanin Annabi Nuhu aka cike shi, cike dai cike ne. Kowace ƙasa da iyakar abin da take ɗauka, kamar jaki da raƙumi. Kuma da duk ginin bisa cike zai zauna, da sauƙi, sai shi nutse gaba ɗai. Wanga ko rabi bisa tudu rabi bisa laka. Damina ɗai za ta raba shi biyu, da mutane a sama."

Na tambaye shi magani. Ya ce hanya biyu ce, kuma a nan sai an haɗa su: a faɗaɗa ƙafar ginin don nauyin ya bazu, sannan a yi ta haƙa har sai an kai marmara, wato jan dutsen nan mai tsakuwa da ke kwance ƙarƙashin ƙasarmu, ko da za a wuce tsayin mutum. Ya ce in gaya wa Baba.

Na gaya masa washegari muna kwaɓa ƙasar tubali. Bai daina tattakawa ba.

"Bukkokin mahauta sun shekara nawa bisa wurin nan? Wacce ta nutse?"

Na ce bukka daban, bene daban. Ya dube ni, ya ci gaba da tattaka ƙasa, can ya ce, "Ka ce ma ɗan tsohuwa na ji." Yanzu da na tsufa na san Baba ya fara juya maganar a ransa tun daga ranar, yana neman hanyar da zai janye abin da ya faɗa a gaban jama'a ba tare da ya zubar da girmansa ba. Da Kaka na da rai, da ta ce wa Yaya ya saurara, uban nasa na tafe. Amma ranar aza tubali na matsowa, Yaya bai ga an canza komai ba, shi kuma ya taɓa ganin gini ya danne mutane a can inda ya je. Zuciyarsa ba ta iya jira ba.

Ranar kasuwa ya yi abin. Ya sa aka haƙa rami biyu daidai zurfin da Baba ya yanka, ɗaya ta gefen hanya, ɗaya ta gefen gabas. A kowane rami ya kafa tsohon turmi, ya ɗora ƙyauren ƙofa a kai, aka jibga buhunan gyaɗa daga na Alhaji, yawan na nan yawan na can. Ya ja zare tsakanin turaku biyu, ya tsaga alama a jikin kowane turmi daidai zaren. Kafin ya gama, rabin kasuwa ta watse ta zo kallo, har masu tallan nono sun sauke ƙorai. Sai ya ce a kawo tuluna.

"Ga damina nan na kawo maku da wuri," in ji shi, aka yi dariya.

Aka yi ta tuttula ruwa a ramukan. Na gefen hanya ko gezau. Na gabas kuwa, muna tsaye muna kallo alamar ta fara sauka ƙasa da zare a hankali, sai turmin ya karkace, buhu ya zamo ya faɗi tim. A daidai nan Baba ya iso tare da Alhaji Mani, don an je an gaya musu. Jama'a suka dare. Baba ya tsuguna, ya daɗe yana duban zaren, har ya taɓa shi da yatsa. Da a nan aka tsaya, wallahi da an wanye lafiya, domin Baba magini ne, kuma gani ya kori ji. Amma Yaya, cikin ɗokin an ga gaskiyarsa, ya zagayo ya tsaya a gaban Baba, ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

"Baba, ka gani da idonka? Na hwaɗa, ba a ji ba."

Sai wani mahauci mai bakin tsiya ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Yau ɗa ya sa uba makaranta!" Wasu suka tuntsire. Baba ya miƙe, ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, ya ratsa mutane ya tafi gida. Alhaji ya juya wurin Yaya ya ce to shi ya karɓi aikin mana. A nan ne na ga fuskar Yaya ta canza, ya gane abin da ya yi. Ya ce Allah ya kiyaye ya karɓi aikin ubansa, ya ɗauki hularsa ya bar wurin, ko sandarsa bai waiwaya ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya kai Yashe cewa Bawa ya tsine wa ɗansa. A gida kuwa babu abin da aka ce, kuma shirun nan ne ya kashe mu. Kullum da safe Yaya kan zo ya tsuguna a ƙofar zaure ya yi gaisuwa, Baba ya amsa da gyaran murya, haka suka saba. Yanzu sai Baba ya riƙa zama a masallaci har rana ta fito, don kada su haɗu. Kunya ce ta yi masa yawa, ta ɗan fari da ta kasuwa, amma wa zai gaya wa Yaya haka ya yarda? Inna ba ta iya yi masa magana. Ni ƙane ne, maganata ba ta da nauyin ta Kaka. Ana cikin haka aka ce za a kwashi ma'aikatan hanya zuwa kudu, bayan Zariya, aikin gadoji. Yaya ya same ni a bakin rijiya.

"Isa, ka tambayar mani shi. In yana so in tsaya mu yi haƙan nan tare, in tsaya. Ko lebura ne ni yarda. In ko ba shi son ganina, in bi mota."

Na sami Baba shi kaɗai yana gyaran igiyar awo, na faɗa masa. Ya saki igiyar, na ga maganar ta shige shi. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne irin abin da ya saba faɗa duk rayuwarsa in an kawo masa zancen ɗan fari.

"Ni na taɓa tsare shi? Ɗan tsohuwa ne, ba nawa ba."

Wannan magana ya yi ta ranar da za a tafi da Yaya soja, ya yi ta ranar aurensa, kuma kowane karo Kaka kan yi tsaki ta ce wa Yaya, rabu da shi, cewa yake yana sonka. Na ce wa Yaya kada ya ɗauke ta da zafi, halin Baba ne. Ya yi murmushi irin wanda ya fi kuka ciwo, ya ce da can hali ne, yanzu kuwa bai sani ba. Ranar tafiya Inna ba ta fito ba, ta dai ba Rabi ƙullin dakuwa ta sa masa a jaka. Ya ce in ya zauna zai aiko a kai masa ku. Motar ta bi ta gaban filin Alhaji, Baba na tsaye a cikin filin ya ba hanya baya. Bai juyo ba, amma digar da ke hannunsa ba ta sake sauka ba har ƙarar motar ta ɓace.

Washegari Baba ya tara mu ya ce a tsawaita igiya, faɗin harsashi ya ninka, kuma ta gefen gabas a yi ta haƙa sai ya ce a tsaya. Bai ce dabarar wane ne ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ranar da malami ya zaɓa ta zo ta wuce muna cikin rami. Alhaji Mani ya zo yana faɗa cewa damina za ta riske shi ba rufi.

"Alhaji, bene kake so ko kushewa?" in ji Baba. Alhaji ya juya ya tafi.

Abin da muka fitar daga ramin nan ba ya faɗuwa: toka, ƙasusuwan mahauta, tsingaro, tsumma, sannan baƙar laka mai warin da ke sa mutum amai. Ruwa ya fara tsattsafowa, gefen rami na zubowa, sai da muka tokare shi da azara. Leburori biyu suka gudu. Muka wuce ƙugu, muka wuce kai, har ya zama mai haƙa sai ya miƙa kwando sama da hannu biyu kafin a karɓa. Kullum Baba na bakin ramin da sandar ƙarfen da Yaya ya bari, yana sokawa yana girgiza kai. Ran nan da hantsi digata ta buga wani abu ta yi ƙara, hannuna ya yi zugi har kafaɗa. Na share laka da tafi, sai ga ja. Baba, da tsufansa, ya ce a riƙe masa tsani. Ya sauka da kansa, ya bi ramin daga wannan kusurwa zuwa waccan yana bugawa yana saurare, sannan ya ɓantari guntun marmara ya sa a aljihu.

Da muka koma gida kana tsakar gida, Lawal, kana tatata, ko magana ba ka fara ba. Ka san jika abokin wasan kaka ne, abin da ba a iya gaya wa ɗa ana gaya wa jika. Baba ya ɗauke ka ya ɗora a cinya, ya danƙa maka guntun dutsen, ya ɗaga murya yadda Inna da Rabi za su ji daga madafa.

"Kai, ɗan mai taurin kai. Ka hwaɗa ma ubanka mun iske ta. Ka ce mai nan inda ya ce, nan take."

Kai kuwa ka kai dutsen baki. Rabi ta shige ɗaki tana kuka. Iyakar abin da Baba ya iya ke nan, kuma ga wanda ya san shi, ya fi a tara gari a ba da haƙuri.

Aka yi ta jigilar duwatsu a kan jakuna, muka jera su a ramin, muna zuba burji muna daɓewa hawa-hawa har muka fito sarari, sannan aka aza tubali. Bango ya tashi da kauri a gindi yana sirancewa sama. Muka yi rufi ana jin ƙamshin hadari. A duk wannan lokaci ba direban da ya tsaya a Kankiya ban ba shi saƙo ba: in ka ga Sule na aikin gada, ka ce masa an kai marmara, ya zo gida. Kowa ya ce to. Amma sansanin masu gada ba ɗaya ba ne, kuma yau suna nan gobe sun ƙara gaba. Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, katangu suka zube a unguwa, benen Alhaji ko tsagar gashi bai yi ba. Baba ya koma zama a dakalin da ke duban hanya, shi da bai taɓa son hayaniyar mota ba. In mota ta tsaya sai ya ƙura wa masu sauka ido, in sun watse ya ce zafi ne ya fito da shi.

Na so in tafi neman Yaya tun cikin damina, gona ta riƙe ni, ga gida biyu a wuyana. Da aka kai amfani rumbu, Baba ya kira ni.

"Isa, an ce azarar kudu ta hi tamu ƙwari. Ka tahi ka gano mani. Kada ka yi gaggawar dawowa, ka duba ko'ina."

Ba mu da aikin da ke jiran azara. Na gane, na ɗaura ɗan kayana.

Na sha yawo kafin in dace. Daga wannan sansani a ce mini sun tashi, daga wancan a ce ba su san shi ba. A bakin wani kogi bayan Zariya na ji wani yana magana da harshen gida, mutumin Rimaye ne, kafinta. Ina ambaton sunan Yaya ya ajiye zarto, ya kama hannuna, na san sauran. Zazzaɓi ne ya kama Yaya tsakiyar damina, bai jima ba. Ya kai ni kabarin, ƙarƙashin wata ɗorawa, ciyawa ta rufe shi. Na tambaye shi ko wani direba ya taɓa kawo wa Yaya saƙo daga gida. Ya ce babu. Ya ce duk wanda ya zo daga wajen Katsina sai Sule ya tambaye shi ko ya ji labarin wani bene a Kankiya, ba wanda ya sani. Har a ciwon ajali yana cewa in benen nan ya faɗa kan mutane alhakin na wuyansa, don da ya bi ta hanyar kunya da an saurare shi, ga shi ya ɓata da ubansa a banza. Na zauna a gindin ɗorawar nan na yi kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar Kaka. Har yau in na tuna ya tafi yana ganin an ƙi shi kuma an ƙi maganarsa, alhali an karɓi duka biyun, sai abinci ya fita raina.

Na iso gida bayan azahar, Baba na dakali da abokansa. Ya dubi bayana kafin ya dubi fuskata. Na tsuguna na faɗa. Abokansa suka ɗauki salati, wani tsoho har da hawaye. Baba ya yi salati a hankali kamar an faɗa masa rasuwar baƙo, ya dafa kaina ya ce in yi haƙuri, na yi rashin ɗan'uwa. Ko a ranar ba a yarda uba ya nuna ba. Mutanen da suka ga idonsa a bushe, su ne suka ƙara wa zancen baki ƙarfi har ya kawo yau.

Da aka yi la'asar ya ce in raka shi. Muka bi ta bakin kasuwa, ba kowa, ba ranar cin kasuwa ba ce. Ya tsaya a gefen gabas na benen, ya dafa bangon da tafin hannu, bai dube ni ba.

"Isa."

"Na'am, Baba."

"Ya ji an kai marmara?"

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani. Bakina ya ƙi.

"Bai ji ba, Baba."

Ya daɗe a haka, hannunsa a bango. Sannan ya sulale ya zauna a ƙasa, ya ja rawani ya rufe fuska gaba ɗaya. Na juya masa baya na tsaya ina tsaron hanya, don kada wani ya zo ya gan shi.